Kawu Tartsatsi da Ke Walda Ido Rufe

Duk wanda ya taso a layin nan na bayan tasha ya san Kawu Tartsatsi mai walda, ko bai san fuskarsa ba ya san haskensa, wannan shuɗin hasken da yake wal-wal a bangon shagunan mutane tun safe har rana ta yi sanyi. Shagonsa ɗan ƙarami ne tsakanin Mai Faci da tela, rufin kwano, ƙasa duk baƙi da guntayen ƙarfe, ga wata tsohuwar injin walda mai gurnani da yake kira Tsohuwa, kullum da safe sai ya dafa ta ya ce, "Tsohuwa kin tashi lafiya? To yau ma a rufa mana asiri."

Shi fa ba tsoho ba ne lokacin, ƙarfinsa yake ji, ƙofar ƙarfe guda yake ɗagawa shi kaɗai mutane suna ihu za ka karye. Da can a kamfani yake aiki shi da ƙaninsa Auta, can ne ake ba ma'aikata katin inshorar lafiya, in ka yi ciwo ka je asibiti ka nuna a duba ka. Ya ce shi ba zai iya ƙararrawa tana kiransa kamar ɗan makaranta ba, ya ajiye musu katinsu ya fito ya buɗe nasa. Auta ya zauna can. Kuma duk layin haka suke, Mai Faci da tela da kafinta da mai gyaran rediyo, duk majiya ƙarfi, duk masu iyali, ba mai kati ko ɗaya, sun wuce yara da ake tausaya wa ba su kai tsofaffi masu fansho ba, in ka fito ka ci in ka kwanta ciwo tukunya ma ta kwanta. Asibitinsu kemis ɗin kan kwana ne.

To abin da ya sa sunansa ya fita shi ne yadda yake aiki. Kawu ba ya sa baƙin gilashi, yana da shi fa, yana rataye a ƙusa har gizo-gizo ya yi gida ciki. Sai ya shafa ƙarfen da yatsa ya ji inda bakin ya haɗu, ya ɗora sandar walda, ya runtse ido gam, sai ka ji ƙrrrr, ya buɗe ido an gama, ɗinki sumul kamar da zare aka yi. Awo ma da taƙin hannu yake yi. Yara su taru daga nesa suna kallo yana musu tsawa, "Ku juya baya 'yan nema, wutar nan cin ido take!"

Mai Faci ya ce, "Kai naka idon na roba ne?"

"Nawa a rufe yake, mai ɗoyin taya. Gilashi na 'yan koyo ne."

Amma ai kafin fatar ido ta rufu hasken ya riga ya shiga, kaɗan-kaɗan, yau da gobe, shekara da shekaru. In idon ya yi ja yana ruwa kamar an zuba masa yashi sai ya jiƙa tsumma da ruwan sanyi ya ɗora, ya aika kemis a sayo na ɗigawa, gari na wayewa ya koma. Kuma kowace ƙofa ya ƙera sai ya lanƙwasa ɗan tsuntsu na ƙarfe ya manna a samanta, kyauta, wai don a san hannunsa ne. Har yanzu tsuntsayen suna nan a ƙofofin unguwa.

Matarsa kuwa Manaja yake ce mata, don ita ke riƙe da gidan, in ya shigo da abin da ya samu ita ke cewa wannan na makarantar yara wannan na haya. Kullum da rana ita ke kawo masa abinci a kwano mai murfi ta zauna kan benci su yi ta tsokanar juna, har tela ya ce ku dai ba ku girma.

Hazo ya fara rufe masa ido bai gaya wa kowa ba. Kuma wa zai gane? Mutumin da dama ido rufe yake aiki! Hannunsa ya san inda guduma take, ƙafarsa ta san hanyar gida, mutane kuwa da murya yake gane su, kana sallama ya kira sunanka. Aikinsa bai lalace ba ko kaɗan, shi ya sa ya ce wa ransa ai ba komai, in an samu sarari a je a duba, sararin kuma bai taɓa zuwa ba.

Sai ranar nan Manaja ta ɗinka sabon kaya, ta ce bari ta zo ta tsaya shiru ta ga ko zai yaba. Ta zo ta tsaya gabansa da kwano a hannu ba ta ce uffan ba. Kawu ya ɗago kai ya dube ta sosai ya goge hannu a wando ya ce, "Sannu da zuwa baiwar Allah, ƙofa za a yi miki ko taga?"

Mai Faci ya faɗi ƙasa don dariya, tela ya leƙo yana tafi, kowa ya ɗauka irin wasansu ne. Ita kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ajiye kwanon a hankali ta ce, "Baban yara, wane launi ne a jikina?"

Yana jin muryarta ya gane Manaja ce. Ya ce, "To... ja ne mana."

Kore ne.

Washegari ta tasa shi gaba har asibitin ido, Auta ya ɗauki hutu ya bi su. Likita ta haska ta haska ta ce na hagun ya ƙone daga ciki, wannan sai haƙuri, na daman kuwa yanar ido ce ta rufe shi, in an yi aiki da wuri zai buɗe, in an bari shi ma zai iya bin ɗan'uwansa. Sannan ta ce, "Malam kana da inshora?"

Ya ɗaga hannuwansa biyu duk tabon wuta ya ce, "Ga ta nan likita."

Ba ta yi dariya ba ita ma. Da aka faɗi kuɗin aikin sai Manaja ta yi salati. Auta ya ja shi gefe ya ce, "Yaya, kamarmu ɗaya, ka shiga da katina wa zai sani?" Kawu ya ce, "In sun gano su kore ka, gida biyu su kwana da yunwa? Mayar da abinka aljihu, ɗan ƙaramin kai." 'Yan layi suka haɗa abin da za su iya, Auta ya kawo nasa, bai kai ko'ina ba. Abu ɗaya ne a duniya Kawu yake da shi mai daraja, kowa ya sani ba mai son faɗa, Tsohuwa.

Ya ce atafau ba zai sayar da ita ba. Ya koma shago ya ci gaba da aiki kamar ba a yi komai ba, yana cewa, "Me ido zai yi min? Ni da nake walda ido rufe! In na sayar da ita na samu ido, kallon me zan yi, kallon yunwa?" Wallahi kuma maganarsa da ƙamshin gaskiya.

Manaja ta daina tsokana, sai dai ta kawo abinci kawai. Ran nan dai ta ce, "Ƙarfe za ka iya masa ido rufe, na yarda. 'Yarka fa da ta fara tsayi har ta kamo ni, ita ma shafa ta za ka riƙa yi da yatsa kana aunawa da taƙi? Ni kuma shi ke nan na zama baiwar Allah mai son taga?"

Ya ci abincinsa ya rufe kwano. Da la'asar ya kira Mai Faci ya ce je ka gaya wa mai babban shagon walda na bakin titi ya zo ya ga Tsohuwa.

Kafin a zo ɗaukarta ya kunna ta karo na ƙarshe, ya gyara ƙafar bencin da Manaja ke zama, dama ya daɗe yana rawa tana mita. Ido rufe ya yi. Da aka ɗora injin a amalanke ya dafa ta ya ce, "Tsohuwa, kar ki ba su wahala," Mai Faci ya shige cikin tayoyinsa wai yana neman wani abu.

An yi aikin, ido ya buɗe. Da aka cire bandeji ya daɗe yana kallon Manaja sannan ya ce, "Ke Manaja, yaushe kika yi furfura?"

Ta ce, "Tun kana rufe ido."

Yanzu a shagon bakin titin yake aikin yini, wajen Tsohuwarsa, sai dai ba tasa ba ce, kuma har yau ba kati, in ya kwanta ba biya. Baƙin gilashi kuwa ba ya cire shi, duk wanda ya gani yana runtse ido sai ya ƙwace sandar ya balbale shi da faɗa. Tsohon shagonsa wani ke sayar da rigunan waya a ciki, bangon ya sha fenti fari, shuɗin hasken nan ya bar layin, Mai Faci ya ce shi har yanzu in rana ta take sai ya ji kamar an manta ba a kunna wani abu ba.

Ranar da ba aiki Kawu yakan riƙo hannun 'yarsa su zaga unguwa yana duba ƙofofin da ya yi a shekarun hazo, da ido ɗayan nan, yana ƙwanƙwasa su yana gyaɗa kai. Duk lafiya lau. Sai a ƙofar gidan kafinta ya tsaya cak, tsuntsun da ke sama kansa a ƙasa yake ƙafafu a sama.

"Kai kafinta! Shekara nawa abin nan yake haka ba ka faɗa min ba?"

Kafinta ya leƙo ya ce, "Na zaci gayu ne, Kawu."

Ya ce zai zo ya gyara, kafinta ya ce wallahi ba mai taɓa masa tsuntsu. Yana nan haka har yau.