Damina Uku da Malam Istifanus Ya Ba Ni

Da safiyar Talata, 17 ga watan Fabrairu, 1987, Allah ya karɓi ran Malam Istifanus Tanko, malamin gona, a wani asibiti a Zariya, bayan jinyar mako shida da ciwon hanta. Ya rasu yana da shekara arba'in da tara. Labarin ya same ni a wurin aikina, kamfanin gurzar auduga na nan Funtuwa, injuna suna ta ƙara, har sai da wanda ya zo gaya mini ya maimaita sau uku kafin na gane abin da yake faɗa. Washegari muka kai shi ƙauyensu da ke kusa da Malumfashi, muka binne shi a gefen mahaifinsa.

Malam, a wurin jana'izarka Fasto ya yi magana, shugabanka na ofis ya yi, manoma daga Dandume da Danja sun yi. An ce in tashi in faɗi wani abu, tunda kowa ya san mun fi shekara ashirin tare, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Mutane sun ɗauka baƙin ciki ne kawai. Akwai baƙin ciki, amma akwai kuma wani laifi da na yi maka wanda ban taɓa faɗa ba, shi ne ya riƙe mini harshe. Yau zan rubuta shi, kowa ya karanta.

Wanda bai san mu ba sai na fara yi masa bayani. A 1975 aka tura ka Amurka kwas na wata tara a kan noman masara. Abokan tafiyarka sun dawo da rediyo da agogo da takalma masu tsini. Kai kuwa ka dawo da wata ƙwallo mai siffar gwanda, da son wata ƙungiyar ƙwallon ƙasar wadda, in za a faɗi gaskiya, ba ta iya komai ba sai shan kashi. Mun yi maka dariya har muka gaji. Wane irin wasa ne wannan, da ake kiran sa ƙwallon ƙafa amma da hannu ake yin sa, ƙarti suna ta kokawa kamar an raba gado? Ba ka ji haushi ba. Ka share ƙasa a ƙofar gidanka, ka ja layuka, ka jera ƙwayar masara goma sha ɗaya a gefe guda, wake goma sha ɗaya a ɗaya gefen. Ka nuna mana mai jifa, da mai cafewa, da ƙartin da ke tare hanya, ka ce sau huɗu ake ba ƙungiya dama ta ci yadi goma, in ta kasa a karɓe ƙwallon. Kafin ka gama bayani kajin Liatu, uwargidanka, sun cinye rabin 'yan wasan.

Ba wanda ya taɓa ganin wasan nan da idonsa a cikinmu sai kai. Abin da muke da shi jarida ce. Wani abokin karatunka a can, mai suna Luk, yakan yanke shafin wasanni na kowane mako, ya ninke, ya sa lamba, in sun kai huɗu ya ɗaure da zare ya aiko. Sai ƙunshin ya yi wata biyu a hanya. Wato lokacin da muke ta gardama a kan wasa, su can sun daɗe da mantawa da shi. Kai ka kafa dokar da ta sa abin ya yi daɗi: shafi ɗaya ake buɗewa kowace Lahadi, bayan la'asar don su Alhaji Mudi mai shagon taki su samu zuwa, kuma ba mai leƙa na gaba. Kakan ce su suna da lokacinsu, mu ma muna da namu. Da yake kwana biyar na mako kana kan babur cikin ƙauyuka, ni ka damƙa wa mabuɗin akwatinka na gidan waya, in ɗauko ƙunshin in kawo maka.

Haka muka zama masana. Alhaji Mudi, wanda bai taɓa wuce Kaduna ba, yana iya rantse maka cewa mai jifan ƙungiyar, wanda muka sa wa suna Dogo, hannunsa ya mutu, a sayar da shi. Mati tela ya ce ba laifin Dogo ba ne, masu tare masa ne ragwaye. Ni kuwa maganata ɗaya ce kullum: a kori koci, wato mai horar da 'yan wasan. Ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoyewa ba, kuma na tsani ganin mutum yana cin albashi ana ta cin ƙungiyarsa. Kai kuma amsarka ɗaya ce: a ba koci damina uku. Shekarar farko yana koyon ƙasar, ta biyu yana gyara ta, ta uku ce za a ga abin da ya shuka. Abin da ya fi burge ka a wasan shi ne yadda in za a ɗebi sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ake bari ta fara zaɓa. Ka ce da haka ake rabon taki a ƙasar nan, da ba a bar kowa a baya ba.

Ba a baki kawai kake wannan magana ba, haka kake aikinka. Akwai wani manomi a wajen Danja, Bature, da ka kai wa sabon irin masara. Shekarar farko ya zuba takin a jikin tushiya, gonar ta ƙone, ya kore ka da fartanya. Shekara ta biyu ka koma, ka roƙe shi ya ba ka kusurwar gonar kawai, kuka yi aikin tare da hannunka. A ta uku sai da ya ƙara rumbu. Shi ne wanda ya durƙusa a bakin kabarinka ya ƙi tashi. Ni ma ban manta ranar da ciwon haihuwa ya kama Hajo, matata, ruwa ya yanke hanya, mota ta ƙi shiga unguwarmu ba. Kai ka goya ta a babur, ni ina bin ku a guje cikin taɓo. Yarinyar da aka haifa a ranar, Ladidi, yanzu tana aji biyu a sakandare.

To, ga laifina. A 1983 kocin da muke kira Mai Gilashi ya shiga shekararsa ta uku. Ka ce bana ce shekarar girbi, ka faɗa da ƙarfi a gaban kowa. Ni kuma na gaji da kullum kai ne mai gaskiya. Da ƙunshin farko ya zo, lokacin gurza ya kama, sai na wuce da shi wurin aiki. Da aka tashi cin abincin rana na laɓe a bayan dilolin auduga, na kwance zaren, na karanta duka huɗun, na mayar na ɗaure kamar yadda na same shi. Ranar Lahadi, kafin ka buɗe shafin farko, na gyara zama na ce, ni dai jikina yana ba ni za a ci su, kuma Dogo zai ji ciwo a kafaɗa. Ka buɗe, haka ɗin ne. Mako na gaba ma haka. Ƙunshi huɗu na buɗe a shekarar nan, ba ɗaya ba. Alhaji Mudi ya fara kira na Maiwada mai duba, Mati ya daina yi mini gardama, ni kuma kaina ya kumbura.

Ranar da na fi jin kunyarta ita ce Lahadin da na ce Mai Gilashi ba zai ƙarasa shekarar ba. Ka ce ba za su yi masa haka ba, saura wasa biyu kacal. Ka buɗe shafin, hotonsa ne a sama yana fita da jakarsa, an sallame shi. Da na yi shiru a nan, da sauƙi. Amma sai na ce, a gaban mutum fiye da goma, wai malamin gonar da bai iya gane mataccen iri ba, Allah ya ji ƙan manoman da ke bin shawararsa. Aka yi dariya. Kai ba ka yi ba. Ka ninke jaridar a hankali, ka ce, "To, Maiwada, yau taka ce." Na tashi na koma gida. Daga ranar ban sake kwance zaren nan ba, amma kuma ban zo na ce maka komai ba.

Shekara ta zagayo, ƙungiyar ta ɗauki sabon koci, wani dattijo da muka sa wa suna Tsoho. Kai kanka ba ka so ɗaukarsa ba, ka ce ya cika tsoro, ba ya barin Dogo ya yi jifa mai nisa. Duk da haka ka ce shi ma a ba shi ukunsa. Ni kuma duk abin da na hango sai ya zo a karkace. Wata Lahadi ka dube ni kana murmushi ka ce, "Mai duba, ko aljanun sun yi ƙaura ne?" Na yi dariyar dole, na ɗauka zolaya ce irin taka.

Sau nawa na yi niyyar gaya maka? Na yi niyya ranar Kirsimeti, sai na ce ba ranar ɓata rai ba ce. Na yi niyya ranar bikin 'yarka Dorkas, sai na ce mutane sun yi yawa. Na ƙarshe shi ne Asabar, kwana uku kafin rasuwarka, da na je duba ka a Zariya da hantsi. Ka rame, idanunka sun yi rawaya, amma tambayarka ta farko ita ce ko ƙunshin ƙarshe ya iso. Na ce bai iso ba. Ka ce bana shekarar Tsoho ta uku ce, in suka ci biyu daga cikin wasa ukun da suka rage za su shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale, abin da ba su taɓa yi ba tun da ka san su. Sai ka riƙe hannuna, ka ce, "Maiwada, ba ka da wani labari da za ka ba ni?" Na ce, "Babu, Malam, sai alheri." Ka ce, "To, madalla." Na fito na hau mota.

Ƙunshin ya iso ranar Juma'a, bayan mun binne ka da kwana biyu. Na ɗauke shi tare da mabuɗin na kai wa Liatu, inda take zaman makoki. Ta karɓa ta juya shi, ta duba ƙullin zaren, sannan ta dube ni.

"Baban Ladidi, wannan karon ba ka buɗe ba."

Na zauna a ƙasa. Ta ce tun Lahadin farko da na fara leƙen, a 1983, ka sani. Da ka warware shafin sai ka ga ɓurɓushin auduga a cikin ninkin, ka tsince ka sa a aljihu. Da ka shiga gida ka nuna mata, ka ce audugar Funtuwa dai ba ta je Amurka ta dawo ba. Ta ce ranar da na ci maka mutunci ta yi kuka, ta ce ka tona ni a gaban jama'a, ko aƙalla ka karɓe mabuɗinka.

"Ka san abin da ya ce mini?" in ji ta. "Ya ce, 'Liatu, ni da nake cewa a ba mutumin da ban taɓa gani ba damina uku, Maiwada ne zan hana? Ki bar shi, zai zo ya faɗa da bakinsa.' Ya daɗe da yafe maka. So yake kawai ka sauke kayan, don ya ga suna yi maka nauyi."

Na ƙirga a zuciyata. Damina ta 1984, ta 1985, ta 1986. Ka ba ni ukuna cif, ba ka rage ko ɗaya ba, har ka ƙara mini da tambaya a kan gadon asibiti, na cinye su duka ban kawo komai ba. Wannan ne yake ci mini rai, Malam, kuma zai ci gaba da ci na. Ba wai ban samu gafara ba. Na same ta tun ban roƙa ba. Abin da na rasa shi ne in dube ka ido da ido in ce na yi kuskure, in ga fuskarka lokacin da za ka ce ba komai.

Saboda haka ina faɗa yanzu, Alhaji Mudi da Mati da duk wanda ya zauna a ƙofar gidan nan su ji: ban taɓa hango komai ba, leƙe na yi. Maganar da na faɗa a kan aikin Malam Istifanus ƙarya ce, gonakin Dandume da Danja sun ishe shi shaida.

Liatu ta mayar mini da mabuɗin da ƙunshin. Yana nan a kan teburina mako biyu ke nan, zarensa a ɗaure. Mun shirya ranar Lahadi mai zuwa, bayan la'asar, za mu taru a ƙofar gidanka, ɗanka Enoch ya buɗe shafi na farko, sauran biyun su jira lokacinsu. Ban san ko Tsoho ya kai labari ba. In ma bai kai ba, ba za a ji kalmar kora daga bakina ba.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Istifanus, ka gafarta masa kurakuransa kamar yadda ya gafarta wa waɗanda suka yi masa laifi, ka ba shi hutu a wurinka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida Liatu, da 'ya'yansa Enoch da Dorkas da Judith, da 'yan'uwa na Malumfashi, da abokinsa Luk wanda wasiƙarmu ba za ta same shi ba sai nan da wata biyu, da dukan manoman da suka yi rashin malami. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi. Wanda kuma yake da maganar da zai faɗa wa ɗan'uwansa, Allah ya ba shi ikon faɗa tun mai ji yana raye. Amin.

Maiwada Audu
Funtuwa, Maris 1987