Ban Ƙarasa Wankan Gawar Mahaifiyata Ba

A lokacin da abin nan ya faru, ni mai sayar da koko da ƙosai ce a bakin titi a unguwar Maamobi. Aurena ya mutu, na dawo ɗakin mahaifiyata a wani gidan haya mai ɗakuna da yawa da famfo ɗaya tal. Duk layinmu an san ni da tsarki. Alwalar da kowa ke gamawa cikin minti uku, ni sai in share awa guda a kanta. In wanke hannu, wani abu a cikin kaina ya ce ruwa bai shiga tsakanin yatsu ba, in koma farko. Hannuwana sun tsattsage, sallar asuba kuwa sau da yawa sai rana ta fito nake samunta. Abin da ke ƙona min rai har gobe shi ne yabona ake yi. Matan gidan suna nuna ni ga 'ya'yansu, wai ga mai tsoron Allah, ni kuwa ina tsugune a bayan ɗaki ina kuka a kan buta.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yaba min ba, mahaifiyata, wadda muke kira Mma. Ita ke wanke gawar mata a yankinmu shekara da shekaru, babu mai koya mata hukuncin ruwa. Ta ce min wannan ba tsoron Allah ba ne, ciwo ne. Ta kai ni wurin malamin islamiyyarmu, ya ce waswasi ne kuma addini bai ɗora min wannan wahala ba. Daga nan ta tusa ni a trotro, motar haya, zuwa asibitin ƙwaƙwalwa da ke wajen Adabraka. Likitar ta ba ni magani ta kuma ba ni aiki: buta ɗaya, alwala ɗaya, in tashi in yi salla ko da zuciyata na ihun cewa ban tsarkaka ba, in zauna da wannan tashin hankali har ya sauka da kansa. Wallahi yana da wuya. Mma kan zauna a kan kujera 'yar tsugune ta matse jarkar ruwa tsakanin ƙafafunta don kada in ƙara. Takan ce ta wanke iyayen mutane ba adadi, ita kuma 'yarta take so ta wanke ta, amma ba ta yarda a bar ta kwance a tabarma ina ta komawa farko ba. Da dariya take faɗa, ni kuma na riƙe maganar da gaske. Saboda ita na jure wata biyar, har tsagar hannuna ta warke.

Sai ɓarin jikin Mma ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta gagara. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, ta taso daga Kokomlemle wai ta taya ni jinya. Kwananta biyu ta tsinci katin asibitina a cikin kwanon da nake ajiye shi. Kai, ranar na ji magana! Wai 'yar gidan mutunci ce ke zarya a asibitin mahaukata, in labari ya fita wa zai ƙara shan kokona, wa zai aure ni. Wai likitar da ba ta san farillan alwala ba ita ce za ta koya min rage tsarki. Sannan ta sauke murya ta ce in duba da kyau, tun da na fara sakaci da ibada ciwo ya shigo ɗakinmu. Haba Gwaggo! Mai waswasi za ki faɗa wa haka? Maganar ta shige ni ta zauna daram.

Amma ba zan ɗora mata duka ba, don ni na ajiye maganin da hannuna. Gaskiya na gaji. Samun sauƙi daga wannan ciwo ba shi da armashi, babu mai tafa miki don kin yi alwala cikin minti uku, kuma mai riƙe min jarka tana kwance. Na ce in huta na mako ɗaya. Mako ya zama wata uku, na koma inda na fito har na wuce. Ina ba Mma koko a cokali tana kallon hannuwana da suka sake fashewa, tana ƙoƙarin magana, ni kuma ina yi mata ƙarya cewa sabulun wanke-wanke ne.

Ta rasu wata Talata da hantsi, aka sa jana'iza bayan azahar. Makon nan famfo bai kawo ruwa ba, maƙwabta suka haɗo mana jarka huɗu, wanda ya isa wanka har ya yi saura. Na shiga ɗakin tare da tsofaffi biyu, abokan aikin Mma, suka ba ni gaba saboda sun san wasiyyarta. Na yi mata alwala, na wanke dama na wanke hagu, wanka na farko lafiya lau. A na biyu abin ya taso, ya ce ruwa bai kai bayan kunnenta ba. Na koma. Ya ce tsakanin yatsun ƙafa. Na koma. Ya ce tun farko niyyata ba ta ƙullu ba, kuma in na kuskure a yau uwata za ta tafi kabari ba tsarki saboda ni. Tsofaffin suka ce ya isa, na ce saura kaɗan. Maza na zaune a rumfa a waje, motar gawa ta toshe lungu, liman ya aiko sau biyu. Aka yi azahar aka idar ina nan durƙushe. Jarka huɗu ta ƙare, na ɗaga kai na ce a ƙaro ruwa.

Babbar cikin tsofaffin ta kama wuyan hannuna ta ƙwace ƙyallen, ta ce wannan baiwar Allah ba ta taɓa sa gawar kowa jira ba, ba za a fara a kanta ba. Ta sa aka fitar da ni ina turjewa. Da ruwan leda da aka sayo a shagon bakin lungu suka yi mata wankan ƙarshe na kafur. Ban ga fuskarta ba lokacin da aka rufe ta da likkafani. Ina jingine da bango a tsakar gida na ji Gwaggo tana gaya wa masu zaman makoki wai tsabar son uwa ne da kiyaye tsarki, su kuma suna ta masha Allah. Tir! Ban taɓa jin tsanar yabo irin ta ranar ba.

Bayan sadakar bakwai na hau trotro ni kaɗai na koma asibiti. Likitar ba ta yi min faɗa ba, ta ce mu fara daga farko. Yanzu wata na takwas ke nan. Ba zan ce na warke ba, ko shekaranjiya abin ya ce alwalata ba ta yi ba, na tashi na ta da salla ban sake ta ba. In kuna son sanin abin da ke riƙe ni a ranakun da na gaji, haushi ne. Ina jin haushin ciwon nan, ina jin haushin kaina, kuma na daina jin kunyar kowa ya gan ni da katin asibiti.

Ku masu irin wannan lalura, in kun fara magani kada ku tsaya don kun gaji ko don wani ya ce za a kira ku mahaukata. Ku kuma 'yan uwa, in kun ga mutum yana cinye awa a kan buta, ku daina ce masa waliyyi, ku raka shi wurin likita. Ciwon nan ba ya zaɓar ranar da ta dace da kai, ranar da ka fi bukatar hankalinka yake zuwa. Na sake alwala sau dubbai a rayuwata ba tare da wani dalili ba. Wanka ɗaya da ya kamata in yi daidai, wasu ne suka ƙarasa shi, kuma babu wanda zai dawo min da Mma in sake.