Naman da Baba Bai Ci Ba

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da ranar da aka soye min naman Baba.

Lokacin ina Jidda, ina aikin gida wajen wasu Larabawa a unguwar Aziziyya, ina kwana a Hindawiyya, gidan haya, mu da yawa, kicin ɗaya. Baba ya zo umra daga Maraɗi, ya sauka wajena kafin jirginsu ya tashi. Na daɗe ban gan shi ba, sai na tarar haƙoransa duk sun zube. Na kawo masa shinkafa da kaza, ya ture kazar gefe yana dariya, wai shi da nama yanzu sai dai ƙamshi. Wallahi sai da na zagaya na yi kuka.

Uwar ɗakina tana da wata tukunyar lantarki da ba ta tafasa, sai dai ta yi ta dafa nama a hankali tun safe, yamma na yi ka taɓa shi da cokali ya dagargaje. Na roƙe ta aro, ta ce, "Yalla, ɗauki." Ana gobe Baba zai tafi na sayo naman shanu, na yanka albasa, na zuba citta da kanumfari da daddawa, na jona wuta na tafi aiki. Shi kuma ya fita sallama da 'yan garinmu a Bani Malik. Ranar har waƙa na yi ta yi ina goge-goge.

Da yamma tun daga matakala na jiyo ƙamshin suya. Suya kuma? Ina shiga sai ga tukunyar an wanke ta tas an kife. Wata dattijuwa maƙwabciyata da muke ce wa Inna ta tarye ni da faranti, sai fara'a take.

"'Yar nan, Allah ya so ki na leƙa. Tukunyar taki ta lalace, ko motsi ba ta yi. Nama a ruwan ɗumi cikin zafin Jidda? Ai da ya ruɓe! Na tsame na soya miki shi ƙayau irin na layya, sai ya yi wata bai yi komai ba."

Na ce, "Inna, wa ya aike ki? Romon fa?"

"Na zubar. Halas."

Halas, wato shi ke nan da Larabci! Sa'ar uwata ce, amma ranar na ɗaga mata murya har 'yan gida suka fito. Ita kuma wai ni butulu ce, ban san alheri ba.

Da Baba ya dawo ya ji abin da ya faru, sai ya jawo farantin ya jefa tsoka ɗaya a baki. Ya yi ta juya ta yana tsotsa, ya ce, "Ya yi daɗi, uwata, gishirin ya ji daidai." Da ya zaci ba na kallo, ya fito da ita ya dunƙule a hannu.

Washegari ya tafi. Ni ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba halin zuwa gida, kuma kafin takarduna su fito Allah ya yi masa rasuwa.

Ana ta ce min in yafe, niyyar taimako ta yi. Na yafe don Allah, amma haushin yana nan. Tun ranar, ko tukunyar wani na gani kamar za ta ƙone, sai na kira mai ita kafin in sa hannu, don ban san wa ake dafa wa ba.