Kalli, Mai Raka Manoma Gida

Kalli manomin tattasai ne a Gagamari. A shekarar 1996 caca ta cinye gonarsa ta bakin kogin Komadugu. Matarsa Yagana ta kwashi yara ta koma Tumur, ba ta dawo ba. Daga nan ya bar karta.

Duk ranar kasuwar Diffa yakan tsaya kusa da rumfar 'yan karta, ya tari manomin da ya sayar da amfaninsa.

"Ɗan'uwa, zo mu sha shayi, in raka ka gida," yakan ce.

In mutum ya ƙi ji har caca ta cinye kuɗinsa, sai Kalli ya tafi da dattawa su lallashi iyalin mutumin kada su bar shi.

Kalli ya rasu shi kaɗai a ɗakin haya. Waɗanda suka ji maganarsa ne suka yi masa sutura.