Dashen Albasa da Allurar Baƙin Mai

Ana sallame sallar asuba muka bar Rabah, sanyi na ratsa ƙashi. Dashen albasa ne ya fitar da ni. Awaki sun faɗa lambun ƙanena a Goronyo sun cinye irin da ya yafa, ga iyali, ga lokacin dashe na wucewa. Na ciro masa rabin nawa tun marece, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na cika tulu da ruwan yayyafi. Dashe in ya wuni a rana babu ruwa, ya tashi aiki.

Motar da muka shiga kitika ce mai buɗaɗɗen baya, ta wani ɗan kasuwa, ta sha duniya. Direba ya ba ni gaba saboda furfura. Tun da na shiga ajin Yaƙi da Jahilci ba na ganin rubutu in ƙyale, sai na tsura wa agogunan gabansa ido. Ɗaya na baƙin mai ne, allurarsa ta haye can ƙarshe ta tsaya. Na yi murna, na ɗauka mota ta ƙoshi ke nan.

An gama girbi, ko'ina sai kara da jakuna. Muna wucewa, jakunan na firgita suna shiga gona da masu su. A Wurno direba ya tsaya bakin kasuwa, ya buɗe gaban motar, bai kashe ta ba. Na tambaye shi.

"Baba, sanyi na ɗaure mai awa man shanu. In inji ya ɗau zafi, allura ta sauko. In ta ƙiya, da magana."

Ya tafi aron sifana, ni kuma na nufi mai ƙosai. Na kwabo ya cika mini hannu, ga yaji mai tafarnuwa. Ashe a bayanmu mutanen da ke bayan mota sun yi shawara. Ciwon mota ɗaya suka sani, zafi. Suka ga baki buɗe, suka ga tuluna, suka juye mata shi duka. Wani dattijo ya tari direba da fara'a.

"Mun shayar da ita, ɗana. Ba sai ka gode ba."

"Kawu, mi na yi muku? Ni zafi nika nema, ku kun yi mata wanka."

Aka koma jira. Inji ya sake ɗumi, allura ba ta motsa ba. Direba ya kashe motar, allura ta faɗo ƙasa, ya ce to agogo ba ƙarya yake ba. Ya zaro ƙarfen awo ya murza man a yatsa, ya ce ba mai kauri aka zuba ba. Matacin man ma an wanke shi kwanan nan. Saura abu ɗaya, wata 'yar ƙofa a gefen inji da ke sakin mai in ya matsu. Ya ce in ta cije muka ci gaba, mai zai fasa wani wuri ya tsiyaye a daji.

Hantsi ya ɗaga, ganyen dashena ya fara langaɓewa. Na ɗauki tulu na tafi rijiya. Matan da ke wurin suka ji labari, suka yi dariya har da riƙe ciki, sannan suka cika mini shi. Ina dawowa na tarar ya kwance 'yar ƙofar: ɗan ƙwallon ƙarfe ne da murɗaɗɗiyar waya, dauɗa ta liƙe su. Ya wanke da kananzir ya mayar. Da ya tayar, allura ta hau, ta yi ɗan shawara, ta dawo tsakiya ta zauna. Dattijon nan ya ce ai ruwan ne ya fara aiki. Ba wanda ya musa masa.

Mun shiga Goronyo bayan azahar. Da la'asar muka dasa, ni da ƙanena, har magariba. Da safe na gefen buhu sun mutu, amma yawanci sun miƙe kai, kuma sun cika masa fangali fiye da rabi.

Na dawo Rabah lafiya a motar nan, allura na tsakiya. Na koyi cewa yawan abu ma ciwo ne, kuma kafin ka taimaki mutum, ka tambaye shi abin da yake jira. Tuluna kuwa, a kan cinyata ya yi tafiyar dawowa.