Ranar da Aka Zo Kai Uwaisu Wurin Faki

Uwaisu ɗan ƙanena ya taɓa rigima da direban bas ɗin Managil, wai sai an kashe rediyo. Direba ya ƙara murya. Gogan ya sauka, ya tako gida da ƙafa, yatsu a kunne. Na yi dariya har da hawaye.

Haka yake tun yana yaro: ba ya kallon ido, ba ya son a dafa kafaɗarsa wurin gaisuwa. Yanzu har ya fara furfura, yana noma hawasharmu, wato gonarmu, shi kaɗai. Ni kuwa na tsufa, kullum tunanina wa zai ƙyale shi yadda yake in na mutu.

Ran nan wansa Bilyamin ya zo daga Sinnar.

"Halas, magana ta ƙare, Gwaggo, wurin faki zan kai shi."

Can wurin malamin mai magani ake ɗaure masu taɓin hankali da mari.

Uwaisu, idonsa a bango, ya faɗi abin da ya mayar da Bilyamin Sinnar shi kaɗai.

"Yaya, ni ba abin da ke mini ciwo. Kai ke jin ciwo in ka gan ni. Kai ka je fakin ya duba ka."