Ƙugiya ɗaya a kan b

Yayana Bulus ya zo Yamai daga Dogondutsi a shekarar da soja suka karɓi mulki, lokacin da fari ya gama da shanun mutane ya koma kan mutanen. Bai zo da komai ba sai hannu mai iya buga masin ɗin rubutu, wanda ya koya a majami'ar garinmu. Ni ina aikin jinya, ina haya a unguwar Bukoki, sai na ba shi zauren gidan ya sa tabarmarsa.

A zauren nan ya buɗe shago. Ya sayi tsohuwar roneyo, injin nan da ake juyawa da hannu yana fitar da takarda ɗaya bayan ɗaya. Manyan maɗaba'u ba sa kallon mutum in ba ɗaruruwan littattafai zai buga ba. Bulus kuwa ko goma kake so zai yi maka, in sun ƙare ka dawo ya ƙara. Haka malaman lakwal, wato makarantar boko, suka fara zuwa da darussansu, mata da waƙoƙin majami'a, tsofaffi da tarihin kakanninsu. Kafin a jima injin ya zama uku, ya ɗauki wani Tanko abokin aiki, har ya fara maganar sayen fili.

Abin da ya sa masu rubutun Hausa suke nemansa shi ne ƙugiya. Masin ɗin na Faransawa ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Bulus sai ya buga komai a sitansil, wato takardar da ake ɗaura wa injin, sannan ya ɗauki allura ya bi baƙi bayan baƙi yana lanƙwasa musu kai. Nakan tsokane shi in ce da mata yake nema da wannan naci da tuni ya yi aure. Dariya kawai yake yi, ba ya ko ɗago kai.

Sai fari ya dawo, ya fi na da muni. Mutanen karkara suka cika bakin gari da bukkokin kwali, mu a asibiti muna ganin yara kamar an shanya su. A lokacin ne Mushe Lawali, wani malamin lakwal ɗan Tawa (mushe muke ce wa malamin boko), ya kawo ɗan littafi a kan mahaifiyarsa da yadda ta yi fama da yunwa a ƙauye. A cikinsa akwai wani layi da yake cewa da soja suka iso garin sun ba ta hatsi. Lawali ya haɗe kalmomin biyu, kamar yadda da yawa suke yi, ya rubuta "sun bata hatsi". Bulus yana bin shafin da allurarsa, aiki ya yi masa yawa, hannunsa ya riga tunaninsa. Ya sa wa b ɗin ƙugiya. Littafi ya fito yana cewa soja sun ɓata hatsi.

A zamanin nan ko tari mutum ya yi a kasuwa akwai mai kai labari. Ba a daɗe ba aka je har aji aka ɗauke Lawali gaban ɗalibansa.

Na roƙi Bulus ya yi shiru. Na ce masa sunan da ke bayan littafin ba nasa ba ne, kuma shagon nan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya. Ya ce, "Asabe, mutum na can kaso don hannuna. In yi mi da shago?" Ya naɗe sitansil ɗin da rubutun Lawali na asali ya tafi da ƙafarsa.

Wanda ya samu a biro, wato ofishinsu, wani soja ne Bazabarme, ba ya karanta Hausa, sai da tafinta. Bulus ya shimfiɗa takardun biyu, ya nuna b mai kai tsaye da ɓ mai lanƙwasa, ya yi bayani kamar yana koya wa ɗan aji ɗaya. Sojan ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, to, ke nan malamin ya yabi gwamnati, kai ne ka zage ta, kuma da hannu ka yi, ba inji ba. Aka saki Lawali aka tura shi wata lakwal can arewa. Bulus bai dawo gida ba. Da la'asar kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya ƙofar gidana aka kwashe injunan duka, har da teburin da nake yanka albasa a kai.

Bulus ya fito daga kaso bayan shekaru, haƙoransa sun zube, hannunsa na dama yana rawa. Tanko kuwa Allah ya buɗa masa. Ya tattara mutanen da Bulus ya tara, ya buɗe nasa shagon a unguwar Dar es Salam da sabon suna, ya sayi injin hoto, daga baya ya yi gini mai bene a unguwar Bobiyel. Har yau tsarin yayana yake bi, ka kawo rubutunka a buga maka gwargwadon buƙatarka, kuma in ana hira da shi yakan ce shi ya ƙirƙiro shi. Bulus ya je neman aiki wurinsa. Tanko ya ba shi kujera da ruwan sanyi, ya ce yanzu Faransanci kawai suke bugawa, don ba shi da baƙaƙe masu kai mutum kaso. Ban taɓa yafe masa wannan magana ba, kuma ba na shirin yi.

Bulus ya koma gadin majami'a. A nan Lawali ya same shi, bayan mulkin soja ya wuce, shi ma ya yi furfura. Ina wurin, na kai masa abinci. Lawali ya durƙusa ya kama hannun nan mai rawa ya ce ya zo godiya.

Bulus ya ce, "Godiyar mi, Mushe? Ni na ɓata maka littahi."

Lawali ya ce, "Ba ka ɓata ba, Malam Bulus. Hatsin nan a sito ya ruɓe, ana jiran babban da zai zo a raba gabanshi. Inna ko awon tiya guda ba ta samu ba, da yunwarta ta tahi. Tsoro ya sa na rubuta sun ba ta, don a bar littahin ya hita."

Bulus ya kalle shi. Na ɗauka zai yi faɗa, har na so ya yi. Ya zare hannunsa a hankali ya ɗora a gwiwa.

"Da ka hwaɗa mini tun lokacin," in ji shi. "Duk shekarun da na yi a ciki, kullum gahwara nike roƙo don na yi wa soja ƙarya."